Yadda Ɗanjuma Zai Shiga Gida

Kun ce labari ai kowa ya iya bayarwa, ko tsohuwa tana kaɗi tana yi wa jikoki. Gaskiyarku ne. Amma ku zauna ku ƙago mutumin da ba a taɓa haifa ba, ku ba shi suna da uwa da gona, sannan ku zauna gaban ƙarti waɗanda suka wuni cikin rami, ku hana su tashi har a kira magariba. In kun iya sau ɗaya, sai ku sake mako mai zuwa, da na bayansa. Sana'ar da na yi ke nan a Riruwai, zamanin da kuza ke da kasuwa, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi.

Ni mutumin Dangora ne, sunana Sule. Ba rubutu ya kai ni can ba, haƙar kuza na je yi kamar kowa, da gemuna. Gefen rami ya zabtaro mini a ƙafa, mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafar ta warke a karkace. Daga nan diga da shebur suka fi ƙarfina. Sai na koma rumfar Iya Tabawa, wata mai tuwo a bakin bariki, ina wanke mata akushi tana ba ni na baka. A rumfar nan ne Malam Ilu, wani dattijo mutumin Bebeji, yake karanta labarinsa duk ranar Asabar bayan la'asar, ranar da ake tashin leburori da wuri. Shi yake ƙaga labarin, shi yake rubutawa da ajami. Idonsa ya fara gani dishi-dishi. Da ya ji cewa na yi allo a gida har ina iya karanta rubutun Hausa, sai ya ce in riƙa zuwa ina taya shi.

Aikin farko da ya ba ni dafa tawada ne. Iri biyu ce. Ta allo gawayi ne da ƙaro, ruwa na taɓa ta ta tafi. Ta takarda kuwa sai ka tsinko busassun 'ya'yan bagaruwa ka daka, ka je maƙera ka roƙo kashin ƙarfe, ka haɗa su a tsohuwar tukunya ka dafa har ruwan ya yi baƙi, ka tace da tsumma, sannan ka sa ƙaro. In ƙaro ya yi yawa, shafi zai manne da ɗan'uwansa da damina. In ya yi kaɗan, tawada ta bi takarda ta baje. Ta farko da na dafa, Malam ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya ce in je in zubar can nesa da kaji. Alƙalami na gamba ne, ana fiƙe shi da ƙaramar aska, a tsaga bakin kaɗan. Takarda kuwa sai daga Kano, wani direban babbar mota yake sayo mana in ya tuna. Saboda haka ba abin da ke hawa takarda sai ya kwana a allo tukuna.

Daga idar da sallar asuba zuwa hantsi Malam yake aiki, bai taɓa wuce nan ba. Ba ya karyawa sai ya gama, ba ya hira. Zai jingina allunansa a bango, ya ɗauki ɗaya ya rubuta layi, ya karanta wa bangon da ƙarfi kamar da mutum a wurin. In harshensa ya yi tuntuɓe sai ya jiƙa tsumma ya goge. Yakan ce inda harshe ya yi tuntuɓe, kunne ma nan zai faɗi. Kuma kullum yana tsayawa ne a inda ya san abin da zai biyo baya. Na tambaye shi dalili, ya ce mai hankali ba ya ƙafe rijiya da yamma, yana barin na safe.

Doka ɗaya gare shi da ba ya sassautawa: ba ya rubuta abin da bai gani ba ko bai ji daga bakin mai shi ba. Wata rana yana so ya sa faɗan mata a labari, sai ya tura ni wurin wankin kuza, inda mata ke ɗauko ƙasa a kwano. Na wuni can a kan dutse, Allah ya taimake ni aka yi faɗa. Na dawo na zayyana masa duk abin da aka faɗa, ban bar ko zagi ɗaya ba. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni me matar ta yi da hannunta lokacin da aka zagi uwarta. Ban gani ba. Ya ce in koma. Sai da na yi ta komawa kafin aka sake wani faɗan, sa'annan na ga matar da aka zaga ta sauke kwanonta a hankali, don kada ƙasar ta zube, ta gyara ɗaurin zane, sannan ta buɗe baki.

"Wannan sauke kwanon shi ne labarin," in ji Malam. "Zagi kowa yana da shi a gida."

Na daɗe ina kwafe masa daga allo zuwa takarda kafin ya bar ni in karanta nawa. Wani ɗan gajeren labari ne na ɓarawon akuya, na sha wahalarsa. Na fara karantawa rumfa a cike, na ɗaga kai a tsakiya na ga rabin tabarmi ba kowa. Iya Tabawa ta ce na kashe mata ciniki, in sake haka in gani. Malam yana gefe, ba ya ganin fuskoki sosai, amma ya ji ƙafafu. Ya ce mini sun fara tashi ne daidai inda na bar ɓarawon a tsaye cikin garke na koma yi musu wa'azi kan sata. Ya ce masu wa'azi suna masallaci, kuma sun fi ni iyawa.

Masu saurarenmu leburori ne, daga ko'ina. Wanda ya ji daɗi ya jefa abin da ya samu a ƙoƙo, wanda ba shi da shi ya yi addu'a. Wasu kan ce a kwafe musu wani yanki su tafi da shi gida, ko da ba su iya karatu ba. Akwai wani helman leburori, wato shugabansu a wajen aiki, da ya matsa sai an sa sunansa a labari a matsayin mai kyauta. Malam ya ce masa to, amma dokarsa ita ce sai ya gani da idonsa tukuna. Helman bai sake tayar da maganar ba. Wani malami kuma ya daɗe yana cewa muna ɓata haruffa masu daraja wajen rubuta ƙarya. Malam Ilu bai taɓa yi masa musu ba, sai dai ya daina sa bisimilla a kan shafukan, don kada wata rana su faɗi ƙasa a taka.

Babban labarin da ya riƙe rumfar nan shi ne na Ɗanjuma. Wani manomi ne da ya zo cin rani haƙar kuza, ya ce wa uwarsa zai dawo kafin shuka. Duk shekara sai wani abu ya tsare shi. Wata shekarar ciwo, wata aboki ya gudu da kayansa, wata kuma ya ga abin da ya tara bai isa a shiga gari da shi ba, ya ce bari ya ƙara damina ɗaya. Tun kafin in zo Malam yake wannan labari. Ba wanda ya taɓa gajiya da shi, don rabin mutanen rumfar da niyyar yin rani ɗaya suka zo.

A cikinsu akwai Haruna, mutumin Yako, wani ƙato marar yawan magana. Shi yake fara zuwa, ya zauna dab da ƙafar mai karatu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Bai iya karatu ba, amma in na tsallake layi wajen maimaita na makon jiya sai ya ɗaga yatsa. Ɗan fari ne a gidansu, ya baro uwa da ƙanne, kuma ya daɗe da daina aika saƙo.

Ciwon idon Malam irin na mutanen bakin rafi ne, wanda ke farawa da ƙaiƙayi. A hankali ya yi ta cinsa har ya rufe gaba ɗaya. Muka gwada yana faɗa ina rubutawa, abin ya ƙi. Zai fara jimla ya tsaya, ya miƙa hannu yana lalube kamar mai neman alƙalami, sai maganar ta tsere masa. Ya ce shi ashe da hannu yake tunani. Wata safiya ya sa na ɗauko gafakar da muke ajiye takardun, ya shafa ta, ya tura mini. Ya ce Ɗanjuma ya zama nawa, in ciyar da shi.

Na riƙe shi yadda aka koya mini. Asuba zuwa hantsi, allo kafin takarda, bango kafin mutane. In na gama sai in karanta wa Malam, ya ce nan ka yi sauri, nan wannan ba maganar mace ba ce. Rumfa ba ta ragu ba. Na fara ganin kamar sana'a ta zauna.

Sai muguwar shekara ta zo. Aka ce kuza ta faɗi a ƙasashen da ake kai ta, kamfani ya shiga rage leburori rukuni-rukuni. A daminar nan kuma ruwa ya ɗauke da wuri a wajenmu, dawa ta bushe tana bunni, wanda aka sallama ya san ba rumbu zai tarar ba. Iya Tabawa ta koma ƙaramar tukunya. Direban da ke kawo takarda ya daina shigowa. Da takarda ta ƙare sai na riƙa zuwa rumfa da allunan kansu, in karanta, in koma in wanke, in rubuta na gaba a kai. Duk abin da na yi wa Ɗanjuma a wannan shekara ya bi ruwan wankin allo, ba ya ko'ina.

Ina cikin fiƙe alƙalami wata rana da hantsi Haruna ya yi sallama. Bai taɓa zuwa ɗakina ba. Ya durƙusa ya gaida Malam, muka gaisa. Sannan ya ce an kira sunansa cikin waɗanda aka sallama, motar ranar Lahadi za ta kwashe su. Ya ce duk shekarun nan abin da ya mallaka tabarma ce da riga biyu.

"Malam Sule, tambaya gare ni. Shi Ɗanjuma, in ya koma, yaya zai shiga gida?"

Na ce ai ba mu kai nan ba tukuna.

"Ku kai mana ranar Asabar. Ina so in ji kafin in hau mota."

Da ya fita na juya wajen Malam. Na ce shi ya haifi Ɗanjuma, lalle ya san inda ya nufa da shi, ya faɗa mini in rubuta. Ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ce bai sani ba, kuma bai taɓa sani ba. Ya ce shi ma da niyyar yin rani ɗaya ya baro Bebeji, yana saurayi, ya bar ƙanwarsa tana 'yar yarinya.

"Kana tsammani don gwaninta nake samo masa dalilin zama duk shekara? Ƙofar ce ban taɓa gani ba. Yaya zan rubuta ta?"

Kwanakin da suka rage na yi su ne a kan allo. Na mayar da Ɗanjuma gida da turmin atamfa da gishiri, mata suna guɗa. Na karanta wa bango, harshena ya ƙi, don ba mai atamfa a rumfar nan. Na wanke. Na sa ya tarar uwar ta rasu, gida ya zama kango. Wannan ya bi harshe sumul, amma na tuna wanda zai zauna dab da ƙafata, na wanke. Na sa ƙanne suka yi masa dariya, na sa maƙwabta suka fito kallo, na wanke. Na bi bariki ina tambaya ko akwai wanda ya taɓa komawa gida hannu wofi ya ba ni labari. Ba ko ɗaya. Waɗanda suka koma ba sa dawowa su faɗa.

Ranar Asabar rumfa ta cika yadda ta daɗe ba ta yi ba, duk masu tafiya gobe sun zo. Na karanta yadda aka sallami Ɗanjuma, yadda ya naɗe tabarmarsa, yadda mota ta ratsa daji da shi ta sauke shi a mararraba. Ya taka da ƙafa har ya hango rimin garinsu. Ya tsaya a rijiyar bayan gari ya wanke fuska da ƙafafu, ya kakkaɓe riga, ya zauna a gindin wata tsamiya yana jin dakan matan gidansu. Nan allona ya ƙare.

Ba wanda ya motsa. Haruna ya ɗago kai.

"Sai me?"

Na ce iyakar abin da na samu ke nan.

Ya dubi hularsa, ya juya ta a hannu. "Ni ma in na yi tunani, nan nake tsayawa," ya ce. Ya sa hular, ya yi wa Malam sallama, ya yi wa Iya godiyar tuwo, ya fita. Washegari mota ta tafi da su.

Ba a daɗe ba bariki ya zama kufai. Iya Tabawa ta kwance rumfarta ta koma wajen 'yarta a Doguwa. Ba mai saurare, ba mai tuwo, ga makaho ga gurgu. Na ce wa Malam ba abin da ya rage sai in kai shi Bebeji. Ya ƙi, ya sake ƙi, har yunwa ta amsa masa. Muka samu wata mota mai kayan katako ta rage mana hanya, sauran muka taka, ina gaba da sanda yana riƙe da ƙarshenta.

Da muka shiga gari ya riƙa kwatanta mini hanya da abubuwan da babu su yanzu, wata marina, wata bishiyar ɗorawa. Da tambaya muka samu gidan. A ƙofar zaure ya ja sandar ya tsaya. Ya ce mu juya, mu kwana a masallaci, gobe ma rana ce. Ban saurare shi ba, na yi sallama.

Wata tsohuwa ce ta leƙo, da muciya a hannu. Ta dube ni, ta dube shi. Malam ya buɗe baki ya ce, "Asabe ce?" Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ba ta duba ko muna da kaya ba. Ta jingina muciyar a bango, ta zo ta karɓi kan sandar daga hannuna.

"Yaya, ɗaga ƙafa, akwai dokin ƙofa," ta ce. "Shigo, ruwa na kan wuta."

Shi ke nan. Ta ja shi ciki tana kiran jikokinta su kawo tabarma. Da aka zaunar da shi, aka kawo mana ruwa, ya lalubo gwiwata ya riƙe. Ya ce, "Ka gani da idonka?" Na ce na gani. Ya ce to in tashi gobe in je Yako wajen Haruna.

Daga Bebeji zuwa Yako ba wata tafiya ba ce ga mai ƙafa biyu. Ni na sha wuya. Duk hanya ina shirya yadda zan karanta wa Haruna ƙarshen Ɗanjuma, har na samu jimlar farko da ta ƙarshe. Na yi tambaya aka nuna mini gidan, wani ƙaninsa ya fito. Ya ce Haruna bai zo ba. Waɗanda suka hau mota tare da shi sun ce a Tudun Wada ya sauka, ya ce zai sayi goro, mota ta yi ta jira har ta gaji. Wani ya ce ya hango shi ya bi hanyar kudu da tabarmarsa a kafaɗa.

Uwar ta ji ana ambaton Riruwai, ta aiko a shigo da ni. Tana zaune bakin ɗaki tana tsince wake. Ba ta faɗi sunansa ba, kun san ɗan fari. Ta tambaye ni ko na san yaron nan, ko yana cin abinci, ko ya yi furfura. Na amsa mata abin da na sani. Na ce mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa. Ta tambaya me ya hana shi ƙarasowa, tunda an ce har ya taso. Na ce ina jin don ba shi da abin da zai riƙo ne.

Ta ajiye faifan. "Wa ya aike shi ya riƙo wani abu?" ta ce. "In ka gan shi, ɗan nan, ka ce masa ɗakinsa na nan, mun sake masa jinka."

Na ce to, Inna.

Malam Ilu ya yi damina ɗaya a gidan ƙanwarsa, Allah ya yi masa rasuwa. Ni na koma Kiru na kafa tebur a kasuwa ina rubuta wa mutane wasiƙa, da ajami, daga baya da boko da na koya a ajin manya. Ƙarshen Ɗanjuma ban taɓa sa shi a takarda ba. Mutum ɗaya ne ya nema, kuma ba ya nan. Shekara da shekaru duk direban da ya fito daga kudu sai na tare shi, in kwatanta masa wani ƙato marar magana, mai cire hula in ya zauna. Wasu su ce kamar sun gani a wajen haƙar kuza ta Jos, wasu su ce a tasha yana dako. Nakan ba su saƙon tsohuwar, kalma da kalma, in ce in sun gan shi su faɗa masa. Ta rasu ana saura kwanaki kaɗan azumi, wata shekara mai ruwa. Ƙanin ya zo kasuwa ya gaya mini. Ya ce sun zuba gyaɗa a ɗakin Haruna.